Masu Wuri

Gwaggo Yalwa ba ta zubar da ruwan zafi
sai ta tsaya bakin rariya ta yi gyaran murya:
"Bismillahi. Ku janye 'ya'yanku, ga wuta nan tafe."
Sai ta ɗan jira,
kamar mai jiran akuya ta tsallake hanya,
sannan ta karkata tukunya.

Mu muna ɗaki muna dariya ƙasa-ƙasa,
amma cikinmu ba wanda ya taɓa yin fito bayan isha'i.

Bayan gidanmu na Ɗandago akwai kududdufi,
kore shar, ga kainuwa, ga warin tsohuwar laka,
ga tsamiya ta sunkuya a kansa kamar mai alwala.
Nan suke, in ji ta. Ba ta kama sunansu.
Masu wuri take cewa.
"Sun riga kakan kakanki zuwa unguwar nan,
a gabansu aka ɗebi ƙasar ramin
aka gina soron da kike taƙama da shi.
Akwai masu salla cikinsu, akwai 'yan iska,
akwai kurma, akwai mai saurin fushi,
kamar dai mutanen layinmu."

Malam Mamuda ya taɓa yi mata wa'azi ta katanga:
ba a roƙon kowa sai Allah.
Ta ce, "Malam, wa ya ce maka roƙo nake?
Maƙwabtaka ce."

Ranar da zoben Hansai ya ɓata
aka ce aro suka yi, suna da biki.
Kwana uku ya dawo cikin ƙoƙon gishiri.
Ni na ga hannun da ya mayar, yana rawa,
hannun ɗan Adam ne, har da kunzugun tuwo.
Ban faɗa ba. Labarin Gwaggo ya fi rufa asiri.

Shekarar da na tafi bautar ƙasa tifofi suka zo,
baraguzai kan shara, shara kan baraguzai.
Tsamiya ta yi kwana biyu tana gardama da zarto.
Mai saran ya kwanta zazzaɓi mako guda,
likita ya ce sauro ne.
Unguwa ta ce, to, sauro.
Gwaggo tana kan gadonta na ƙarshe,
ba ta tambayi nawa aka sayar ba.
"Wa ya yi musu sallama?" ta ce.
"Ina aka ce su koma?"

Yanzu bene ne hawa biyu:
mai waya, mai gyaran waya, mai cajin waya,
fitilar sola har asuba.
Ko inuwar da ƙadangare zai raɓe babu.

Bara cikin Agusta sama ta kwana tana zuba.
Da safe ruwa ya tsaya cikin shaguna har gwiwa,
daidai iyakar tsohon kududdufi, bai ƙara taku ba.
Kwalaye suna iyo, kwaɗo yana kuka a kan kanta.
Injiniya ya zo da takalmin roba
ya ce leda ce ta toshe magudana.
Gaskiya ya faɗa, na ga ledar da idona.
Tsoho mai facin keke ya tofar da goro ya ce,
"Kuɗin haya suka zo karɓa."
Shi ma ban ƙaryata shi ba.

Ni yanzu a Sharaɗa nake, hawa na uku.
Na karanci haɗa magunguna,
na san sunan abin da ke kayar da mutum yana kumfa,
na san ƙwayar da ke tayar da shi.
Jiya na sauke taliya, tukunya a hannuna, tururi a fuskata,
sai bakina ya motsa tun ban ba shi izini ba.
Nusaiba ta ɗago kai daga waya:
"Umma, da wa kike magana? Bututu ne fa."

Na ce, bututu ne.
Na ɗan jira.
Sannan na zuba.